Roba-roba ba ɗan China ba ne, kuma yana da kuloci

Jiya na sa hoton mashina jere a kasuwar Tsamiya, sai wani bawan Allah ya rubuta a ƙasa cewa roba-roba ƙirƙirar 'yan China ce, wai otomatik ne, ba shi da kuloci, don mata kawai aka yi shi. Malam, da girmamawa, maganar nan ba haka take ba, kuma raina ba zai kwanta ba sai na amsa.

Kuloci yana nan cikin inji, hannunsa ne babu. Akwai wasu 'yan ƙarafa masu nauyi a ciki. In inji yana silo, suna zaune a wurinsu, shi ya sa kake tsayawa da giya a ciki mashin bai mutu ba. Da ka murɗa totur, gudun inji sai ya wurga su gefe, kamar dutsen da yaro ya ɗaure a igiya yana wulwulawa, su matse faifan kuloci, taya ta ɗauka. Takawar da kake yi wa giya kuwa, ita ce ke sakin kulocin na ƙiftawar ido kafin giyar ta shiga. Kai ne mai zaɓen ɗaya, biyu, uku. Otomatik na gaske ba ya shawara da kai.

Wanda ya haɗa wannan hikima a babur ɗin talaka shi ne Soichiro Honda, mutumin Japan, haihuwar 1906. Ɗan maƙeri ne, ubansa yana kuma gyaran keke. Bai yi zurfin karatu ba. Yana ɗan saurayi ya tafi Tokyo ya zama yaron gareji, irin yaran nan namu masu baƙin mai har gwiwar hannu. Duk bakaniken da ke bakin titi a Bagudo ya kamata ya san sunan mutumin nan. Ya kafa kamfaninsa a 1948, shekara guda bayan haka Takeo Fujisawa ya shigo. Honda ya san ƙarfe, Fujisawa ya san kasuwa, kowa ya bar wa ɗan'uwansa fagensa.

A ƙarshen 1956 suka tafi Turai tare, suka zaga Jamus da Italiya suna kallon ƙananan baburan da jama'a ke hawa. Fujisawa ya matsa wa abokinsa: yana son babur da wanda bai taɓa hawa ba zai iya tuƙawa, namiji ko mace, birni ko ƙauye. Nan ne wurin da nake ƙauna a labarin. A Japan ta lokacin akwai samari masu kai wa mutane taliyar da suke kira soba, suna ɗauke da tire a hannu ɗaya suna tuƙa keke da ɗayan. Su aka sa a rai. Aka ce a yi babur da yaron nan zai tuƙa hannunsa na hagu yana riƙe da kwanukan abinci. Ka ga ke nan dole hannun kuloci ya tashi daga wurin. Injiniyoyi suka yi ta gwaji suna watsarwa har aka dace. Da Fujisawa ya ga samfurin, ya ce zai sayar da 30,000 a kowane wata, alhali duk baburan da ake sayarwa a Japan a wata ba su fi haka da yawa ba.

A watan Agusta 1958 Super Cub C100 ya fito: inji ƙarami, giya uku, tayoyi inci 17 saboda hanyoyin Japan da ba su da kwalta, sannan garkuwar ƙafa da madigadin gaba na roba. Ga asalin sunan da muke kiran jikokinsa da shi.

Batun mata, rabin gaskiya ka faɗa. An sauke tsakiyarsa ne don mai siket ta hau ba ɗaga ƙafa. To amma wa ya fi dattijo mai babbar riga morar wannan? Je ka tsaya a hanyar Illo zuwa Lolo ranar kasuwa ka ƙirga masu hawansa, da buhun shinkafa a baya da jarka a tsakanin ƙafafu, suna ratsa yashi babu fargabar inji ya mutu.

Ga masu cewa a mota ba a taɓa yin giya marar takun kuloci ba: motoci ma sun riga babur. Citroën DS ta Faransa ta fito a 1955, direba na sa giya da hannu, ƙarfin mai na taka masa kuloci. Jamusawa suna da Saxomat. A 1968 Volkswagen, mai kama da kunkuru ɗin nan, ta fito da samfurin da in ka taɓa sandar giya kuloci ya saki da kansa. Kuma ina roƙon 'yan'uwana masu shigo da motocin Kwatano su daina ruɗa masu saye. Yawancin masu alamar + da − ɗin nan otomatik ne cikakke da aka ba ka damar tsoma baki, irin Tiptronic na Porsche. Danginsu daban.

Sauran labarin kun sani. Yamaha ta fito da Mate a 1965 bisa wannan tsari, kuma shi 'yan zemijan na Benin, wato 'yan kabu-kabunsu, suka daɗe suna mora kafin Bajaj ta Indiya ta cika hanya. Honda ta kafa kamfaninta a Ota, Jihar Ogun, a 1979. Ferrari ta kai giya marar takun kuloci tseren motoci a 1989, Nigel Mansell ya ci tseren Brazil da ita. 'Yan China sun zo daga baya da Jincheng da Haojue, suka sauke farashi, wannan kam ba mai ƙwace masu. A 2017 Honda ta sanar cewa Super Cub ya cika miliyan 100.

Malam, in ka shigo Bagudo ka neme ni, mu je gareji a buɗe mana gefen dama na inji, ka riƙe kulocin da hannunka.