Madubi, Mir'at da Mirror: Kama da Wane Ba Ta Wane

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa a azuzuwanmu na nazarin harshe ɗalibai kan kawo mana kalmar Ingilishi mirror, su jera ta da kalmar Larabci mir'at, su ce ai ga shi nan a fili Turawa sun ara daga Larabawa. Wasu malamai ma sun karɓi wannan magana suna koyar da ita. Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin waɗannan kalmomi biyu tare da tamu ta Hausa, wato madubi, domin mu ga inda dangantaka ta gaskiya take. Abin da muke neman karewa shi ne hanyar bincike, domin idan muka bari kunne kaɗai ya yanke hukunci a kan tarihin kalma, za mu yaye malaman da za su gina tarihi a kan kamannin sauti.

2.0 Abin da Sunansa

Madubi ya girmi gilashi nesa ba kusa ba. A Catalhoyuk ta ƙasar Turkiyya an tono madubai na baƙin dutse mai sheƙi waɗanda aka goge tun wajen shekara 6000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga baya mutanen Masar suka riƙa goge tagulla. Madubin gilashi mai kyau ya bunƙasa ne a tsibirin Murano na Banis a ƙarni na 16, sannan a 1835 Bajamushen nan Justus von Liebig ya fito da hanyar shafa wa gilashi azurfa.

Abin lura shi ne, ko da yake kayan ƙira sun yi ta sauyawa, harsuna da dama ba su kula da kayan ba wajen raɗa suna. Aikin da ake yi da abin suka duba. Latin na da speculum daga specere, wato dubawa, kuma daga gare ta aka sami specchio a Italiyanci, da espejo a Sifaniyanci, da Spiegel a Jamusanci. Rashanci na da zerkalo daga saiwar da ke nufin gani. Maƙwabtanmu Fulani kuwa suna cewa daarorgal, abin da ake dubawa da shi. Ke nan haɗuwar ma'ana ba hujjar aro ba ce, domin kowa ya ɗauki madubi dubawa zai yi.

3.0 Mirror da Mir'at

Tarihin mirror a rubuce yake. Ta shiga Ingilishi a ƙarni na 13 daga tsohon Faransanci mirour, a zamanin da Faransanci ya zama harshen fada a Ingila bayan cin ƙasar da Normawa suka yi a 1066. Ita kuma ta fito daga aikatau mirer, wanda ya samo asali daga Latin mirari, wato yin mamakin abu ko ƙura masa ido don sha'awa. Daga wannan saiwa ce Ingilishi ya sami miracle da admire. A nan harafin m yana cikin saiwar kalma; idan aka cire shi babu abin da ya rage mai ma'ana.

Mir'at kuwa ba haka take ba. Saiwarta ita ce ta ra'a, wato ya gani, kuma mi- ɗin da ke farkonta ɗafa-goshi ne na abin da malaman sarfu ke kira ismul ala, sunan kayan aiki. Shi ne dai a cikin miftah daga fataha, da mibrad daga barada. Saboda haka abin da kunne ya ji ya yi kama, a ɗaya kalmar saiwa ce guda, a ɗayar kuwa ɗafi ne da guntun saiwa. Ba mu musun cewa Ingilishi ya ari kalmomi daga Larabci; cotton da algebra shaida ne, kuma ana iya bin sawun kowace ta hanyar Andalus ko Italiya ko littattafan Latin. Mirror ba ta da irin wannan sawu.

4.0 Madubi da Mir'at

A kunne madubi ba ta yi kama da mir'at sosai ba, amma a ƙira gida ɗaya suka fito. Bahaushe ya ɗauki aikatau duba, ya sa masa ɗafa-goshi ma- da ɗafa-ƙeya -i, kamar yadda ya yi a mabuɗi daga buɗe, da ma'auni daga auna, da magirbi daga girba. Jam'insu duka a kan -ai yake: madubai, mabuɗai, ma'aunai. Idan muka jera mabuɗi da miftah, za mu ga dabara ɗaya ce a harsuna biyu.

Wani zai ce ai Hausa ta ari wannan ɗafi daga Larabci ne bayan zuwan Musulunci. Abubuwa biyu sun hana mu yarda. Na farko, ɗafin yana hawa tsofaffin aikatau na noma da ƙira da farauta, yana kuma samar da sunan mai aiki da na wuri, kamar manomi da majema. Na biyu, ana samunsa a sauran dangin: Ibrananci na da mar'a, madubi, da mafteah, mabuɗi, tsohon harshen Masar kuma na da mekhat, ma'auni, daga khai, aunawa. Irin wannan daidaito na nahawu na cikin hujjojin da Joseph Greenberg ya kafa a littafinsa na 1963 lokacin da ya sanya harsunan Cadi, har da Hausa, cikin iyalin Afiro-Asiyatik. Gado ne, ba bashi ba.

Sai dai kasancewar kalma ta gida ba ta nuna abin ma na gida ne. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ƙananan madubai na cikin hajar Turai da fatake ke ƙetaro Sahara da ita. Haja ta zo daga nesa, amma sunanta Bahaushe ya ƙera. Daga bisani ya faɗaɗa shi zuwa madubin ido da madubin likita, har ya kan kira mutumin kirki madubin al'umma.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa mirror da mir'at sun yi kama amma ba su haɗa kaka ba, madubi da mir'at kuwa ba su yi kama ba amma ƙirarsu gadon gida ɗaya ce. Shawararmu ga 'yan'uwa malamai ita ce, kafin mu ce wata kalma aro ce, mu feɗe ta mu ware saiwa da ɗafi, mu nemi siffarta mafi tsufa, sannan mu nuna hanyar da ta biyo. Muna kuma fata wasu za su ɗora daga nan su tattaro sunayen madubi a sauran harsunan Cadi, domin a can ne ragowar aikin yake.