Rawanin Rana: Husufin 1973 da Hayaniyar Rediyo

Ranar 30 ga Yuni 1973 husufin rana ya ratsa Muritaniya da Mali da Nijar da Cadi. A Garwa da Marwa wani sashe na rana kawai wata ya rufe, domin cikakkiyar inuwar ta bi ta arewa da su. A wannan inuwa jirgin Concorde 001 ya kutsa ɗauke da masana, yana tsere da ita har minti 74, kafin ya sauka a Njamena, tsallaken kogi daga Kusiri ta Kamaru. Wanda ke tsaye a ƙasa bai samu abin da ya wuce minti 7 da 'yan daƙiƙoƙi ba.

Babban abin da suka bi shi ne farin hasken da ke kewaye da rana, wanda ido ba ya gani sai an rufe fuskarta. Sunansa na Latin kambi yake nufi. A ganina rawanin rana ya fi zama a bakin Bahaushe, tun da naɗe yake da ita. Zafinsa ya haura digiri miliyan 1, alhali fuskar rana ba ta kai 6,000 ba.

Sai dai tun kafin Concorde an riga an sami wata ƙofar. A Fabrairun 1942 wata hayaniya ta toshe na'urorin hango jirage na sojan Ingila, aka zargi Jamus. James Hey ya lura cewa hayaniyar tana bin rana daga hudowa zuwa faɗuwa. A 1950 Paul Wild, a Ostareliya, ya kasa irin wannan fashewar rediyo gida uku.

Kashi na uku ya fi koyarwa. Ƙwayoyin lantarki kan tsinke daga rana da kusan sulusin saurin haske, su keta rawanin, kowane mataki ya yi amo gwargwadon kaurin iskarsa. Kusa da rana iskar na da kauri, amon ya fito siriri. Can nesa ta yi shara-shara, sai ya yi ƙasa, kamar kalangu idan makaɗi ya sassauta tsarkiya. Daga saurin wannan gangara ake lissafa yadda kaurin rawanin ke raguwa, ba tare da jiran wata ya tare rana ba.

Irin wannan fashewa, da tartsatsin rana da ke zuwa tare da ita, kan dagula gajeren zango da tsakar rana, zangon da ya daɗe yana kai sashen Hausa na BBC gidajen Garwa.