Yadda Aka Tsare Fagge Daga Zamanin Ayari Zuwa Zamanin Jirgi

Fagge unguwa ce ta Kano da ke wajen ganuwa, gabas da birni, daura da Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai. Tun asali masaukin baƙi ce. Nan ayarin Buzaye da ke kawo gishiri daga Bilma su kan sauke raƙumansu, nan kuma fatake daga Barno da Agadas su kan ajiye kaya kafin su shiga Kasuwar Kurmi. Wurin da dukiya da baƙi suka taru kuwa, ba ya rasa ɓarawo.

Mutanen birni suna da abin da ya tsare su. Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa wajen ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta cikin sarautarsa, daga 1463 zuwa 1499. Sa'ad da Baturen nan Kilafatin ya zo Kano cikin 1824, ya ƙidaya ƙofofi 15, da ƙyamare na katako da aka lulluɓe da ƙarfe, ana buɗe su da fitowar rana, a rufe da faɗuwarta. Kowace ƙofa da sarkinta. To, mutanen Fagge fa? Su a waje su ke kwana, da su da kayan fatake.

Abin da ya tsare su shi ne sanin juna. Baƙo ba ya sauka a sarari, sai a gidan fatoma. Fatoma shi zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya sami la'adarsa. Shi ne kuma zai kai labarinsa ga mai unguwa, mai unguwa ya kai gaba. In kayan baƙo suka ɓata, sunan fatoma ya ɓaci, baɗi ayari ya sauka gidan wani. In kuwa baƙon ne ya yi ɓarna, mai masaukinsa za a fara kira. Saboda haka fatoma ya kan fi dogari sa ido, gama abincinsa ne ya ke tsarewa. Har a kasuwa haka abin ya ke. Kilafatin ya ba da labarin cewa a kan rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin riga ko turkuɗi, in an kai shi Barno aka kwance aka tarar da algus, sai a komo da shi, dillalin ya nemo wanda ya sayar, shi ya biya.

Kada a ɗauka zamanin nan ba sata. Akwai ta, har da fashi a hanyoyin ayari, kuma Hausawa ba su ce da ɗan gari a kan ci gari a banza ba. Amma wanda aka yi wa ihu da dare, unguwa duka ke fitowa da sanduna. In an kama shi, dogarai masu jajayen rawuna su kai shi gaban alƙali, daga nan sai bulala, ko mari, ko gidan yari. Hukuncin yana da tsanani, wani lokaci ma har ya wuce kima, musamman a kan wanda ba shi da kowa.

Turawa suka ci Kano cikin 1903. Suka hana yanke hannu, suka bar dogarai da alƙalai a hannun Sarki. Amma babban abin da ya sauya Fagge shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso cikin 1911. Ayari ya kan zo da lokacinsa, da madugunsa, kowa ya san ranar tashinsa. Jirgi kuwa kullum cikin zubo mutane ya ke, ba madugu, ba fatoma. Cinikin gyaɗa ya buɗe, aka kafa Sabon Gari wajen 1913 domin mutanen Kudu, Kwarori suka kafa kantuna a gefen Fagge, inda Kantin Kwari ya samo sunansa. 'Yan cin rani suka riƙa kwararowa suna dako, suna kwana a rumfuna da zauruka. Gidajen da dā a ke saukar da baƙo don la'ada suka koma na haya, mai gida ya karɓi kuɗinsa ƙarshen wata, bai tambayi asalin kowa ba.

Dogari ɗan fada ne, ba a hore shi da irin wannan aiki ba. Don haka tun cikin shekarun 1920 En'e ta Kano ta fara kafa 'yan gadi, waɗanda daga baya aka fi sani da 'yan doka, masu albashi, da kulki da usur, suna zagaya unguwanni da dare. Ado Bayero ya riƙe muƙamin Wakilin Doka daga 1957 zuwa 1962, kafin ya zama Sarki cikin 1963. A wannan zamani a kan rubuta laifuffuka a littafi ana ƙidayawa ƙarshen shekara. Sai dai mai duba irin wannan lissafi ya yi hankali: wanda aka kama kaɗai ke shiga cikinsa, kuma da yawa daga cikin waɗanda 'yan doka suka tsare cikin shekarun 1950 ba ɓarayi ba ne, 'yan NEPU ne da suka yi lacca ba izini.

Sau biyu masifa ta fi ƙarfin masu kulki. Cikin watan Mayu na 1953 rikicin siyasa ya tashi tsakanin mutanen birni da Fagge a gefe guda, da na Sabon Gari a ɗayan gefen. Aka yi kwana huɗu, mutum fiye da 30 suka rasu, sai da aka kira soja. Na biyu ya fi muni, kuma a lokacin 'yan doka ba su nan, gama bayan soja sun karɓi mulki cikin 1966 an haɗe su da 'yan sandan Nijeriya. Muhammadu Marwa, wanda a ke kira Maitatsine, Sarki Sanusi ya kore shi daga Kano cikin 1962, daga baya ya komo ya zauna 'Yan Awaki, kusa da Fagge. Ya tara almajirai dubbai daga nesa, waɗanda ba mai unguwar da ya san sunansu, suna ƙwace filayen maƙwabta, suna tare hanya. Maƙwabta sun daɗe suna kai kuka, ba wanda ya iya shiga. Cikin Disamba na 1980 faɗa ya ɓarke, aka yi fiye da mako guda. Hukumar binciken da gwamnati ta naɗa ta ce mutum 4,177 suka mutu.

Bayan wannan, da kuma fitinar 'yan daba da 'yan siyasa su kan yi haya lokacin zaɓe, mutanen unguwannin Kano da yawa suka koma tara kuɗi gida gida suna biyan 'yan sintiri, samarin da aka haifa a wurin, suka san kowane lungu da wanda ke kwana cikinsa. 'Yan kasuwar Kantin Kwari su ma suna da masu gadinsu, waɗanda ke kwana a bakin shaguna bayan an tashi daga kasuwa.