Kula da Lafiyar Dattawa a Ƙananan Hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi

Gabatarwa

Dutsin-Ma da Kurfi suna daga cikin ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna Dutsin-Ma tana da mutane kusan 170,000, Kurfi kuma kimanin 117,000. Akasarinsu manoma ne da makiyaya, sai masunta da masu noman rani a kewayen madatsar ruwa ta Zobe. Wannan bayani an shirya shi ne domin magidanta da dagatai da masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi, a kan hanyoyin taimaka wa waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama su ci gaba da zama cikin ƙoshin lafiya da kuzari.

Matsayin dattijo a yau

A al'adance, ɗawainiyar tsofaffi tana wuyan 'ya'ya da jikoki. Sai dai tafiyar matasa ci-rani da neman aiki a birane ta sa gidaje da dama sun rage daga tsoho sai mata da ƙananan yara. Haka nan hare-haren 'yan bindiga da suka tsananta a yankin daga wajen 2019 sun raba iyalai da yawa da ƙauyukansu. Dattijon da ya bar gonarsa da majalisarsa yakan rasa abin yi da abokan hira a lokaci guda, kuma hakan yana saurin karya jiki.

Akwai kuma kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya, wato hana tsoho kowane aiki da sunan girmamawa. Jikin da ya daina motsi yana rasa ƙarfin tsoka cikin 'yan makonni, daga nan sai jiri da faɗuwa da kwanciya. Abin da ya dace shi ne a sauƙaƙa masa aiki, ba a raba shi da shi ba.

Motsa jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ba da shawarar cewa mai shekara 65 zuwa sama ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Minti 150 daidai yake da tafiyar rabin sa'a a kwana biyar. Ta kuma ce a riƙa yin abin da zai ƙarfafa tsoka kwana biyu, da abin da zai daidaita tsayuwa kwana uku a mako. A karkara ba a bukatar kayan aiki na musamman:

1. Tafiya masallaci da kasuwa da zumunci a ƙafa, da safe ko da yamma.
2. Kewaya gona, ban ruwan lambu, da ba awaki da kaji abinci.
3. Sana'ar hannu irin su tufkar igiya, saƙar tabarma da faifai, kaɗi da ɓarar gyaɗa.
4. Tashi daga kujera da komawa sau goma, da tsayuwa da ƙafa ɗaya a dafe da bango.

Wanda ya ji ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ko jiri ya dakata, a kai shi asibiti.

Abinci da ruwa

Tuwo da kunu kaɗai ba sa riƙe jikin tsoho. Yana bukatar abinci mai gina jiki kamar wake, alale, awara, kunun gyaɗa, fura da nono, ƙwai da kifi, tare da ganye irin su zogale da rama da kuka. Idan haƙora sun zube, a dafa abinci ya yi laushi maimakon a rage masa. Gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, kuma a tuna cewa dunƙulen miya ma gishiri ne. Tsoho ba ya saurin jin ƙishi, saboda haka a riƙa miƙa masa ruwa ko bai nema ba, musamman a bazara. Mai ciwon suga ko na ƙoda ya nemi shawarar likita kafin azumi.

Cututtukan da ake ɗora wa tsufa

Hawan jini: Sau da yawa ba ya nuna alama. Idan awo ya kai 140/90 a lokuta daban-daban, ana bukatar magani, kuma ba a daina sha don an ji sauƙi. Karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, da harɗewar magana alamun shanyewar ɓarin jiki ne. A garzaya asibiti nan take.

Ciwon suga: Yawan fitsari, ƙishirwa, rama da gyambon da ya ƙi warkewa.

Yanar ido: Ana cire ta da ɗan gajeren aiki a asibiti, gani ya dawo. A guji masu sokar ido na gargajiya, domin aikinsu yakan jawo makanta ta dindindin.

Ciwon gaɓoɓi: Yawan shan maganin kashe zafi na 'yan talla yana lalata ciki da ƙoda.

Gigin tsufa: Mantuwa mai tsanani da ɓata hanya cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba maita ba ce. Mai ita yana bukatar haƙuri da sa ido.

Rigakafin faɗuwa

Karayar ƙugu tana iya kwantar da tsoho har ƙarshen rayuwarsa. A cike ramukan tsakar gida, a gyara dokin ƙofa, a sa abin dafawa a banɗaki, a aje masa tocila da sanda kusa da shimfiɗa. Da hunturu kada a bar garwashi a ɗakin da aka rufe ruf, domin hayaƙinsa yana kisa.

Inda za a nemi taimako

Matakin farko shi ne cibiyar lafiya ta matakin farko da ke mazaɓa, inda ake awon jini da suga. Daga nan sai babban asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi, sannan Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta sanya tsofaffi cikin masu rauni da suka cancanci tallafi, kuma a jiha hukumar KTSCHMA ce ke kula da tsarin taimakekeniyar lafiya. A matakin tarayya, an amince da Manufar Ƙasa kan Tsufa a 2021, shekarar da Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa ta fara aiki.

Nauyin da ke kan shugabanni

1. Masu unguwanni su riƙe jerin sunayen tsofaffin da ke zaune su kaɗai ko suka yi gudun hijira.
2. Sashen lafiya ya tsara awon jini a ranakun kasuwa.
3. Kwamitocin raya mazaɓu su taimaka wajen rajistar inshora da abin hawa na gaggawa.
4. A fifita tsofaffi a layin asibiti da wajen rabon taki da tallafi.
5. A ci gaba da sanya dattawa cikin sulhu da shawara, domin abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba.

Ranar 1 ga Oktoba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin tsofaffi tun 1990, dama ce ga kowace ƙaramar hukuma ta duba abin da ta aiwatar daga cikin waɗannan matakai.