Yadda ake binciken gurɓacewar ƙasa da ruwa a gidajen mai

Gidan mai na iya shafe shekaru yana yoyon fetur ba tare da kowa ya ga ko da ɗigo ba, domin tankunan ajiya da bututan da ke kai mai zuwa famfo duk a binne suke. Idan tsatsa ta huda tanki, ko mahaɗar bututu ta saki, ko mai ya tumbatsa yayin da tanka ke sauke kaya, man yakan tsiyaya cikin ƙasa har ya tarar da ruwan da ke ciyar da rijiyoyi. A Najeriya, inda gidaje da yawa suka dogara da rijiya da burtsatse, sau da dama maƙwabta ne ke fara jin warin mai a ruwan sha.

Fetur da dizal da kananzir ba su kai ruwa nauyi ba, saboda haka sukan kwanta a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa. Wani ɓangare nasu kuma yakan narke, ya bi ruwan zuwa duk inda ya gangara. Mafi haɗari cikin abin da ke narkewa shi ne sinadarin benzin, wanda ke haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada ya wuce maikirogiram 10 a kowace lita ta ruwan sha. Tururin man kuma yana iya tasowa ya taru a ɗakuna da magudanan ruwa, ya jawo gobara.

Bincike yakan fara ne daga takardu. Masana za su kwatanta adadin man da aka sauke da wanda aka sayar da wanda sandar awo ta nuna ya rage a tanki. Giɓin da ke maimaituwa kullum alama ce ta yoyo. Za su kuma nemi sanin shekarun tankunan, da irin gyaran da aka taɓa yi musu, da rijiyoyin da ke kewaye. Daga nan sai a gwada tanki da bututu ta hanyar matsa musu iska ko ruwa, a ga ko matsin zai ragu.

Mataki na gaba shi ne haƙa ƙananan ramuka a gefen tankuna da famfuna da bakin iyakar filin. Ana ɗibar ƙasa daga zurfi daban-daban, ana auna tururin mai da na'urar hannu. Wasu ramukan akan sa musu bututu su zama rijiyoyin sa ido. Ana buƙatar aƙalla uku, domin ta hanyar kwatanta tsayin ruwa a cikinsu ne ake gane inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya nufa, da gidajen da ke kan hanyarsa. Akan haƙa ɗaya a sashen da ruwan ke fitowa, don a tabbatar ko gurɓacewar daga wani wuri ta zo.

Ana zuba samfurin ruwa a kwalabe ba tare da barin iska a ciki ba, a sa su cikin ƙanƙara har zuwa ɗakin gwaje-gwaje, domin benzin na saurin bin iska. Gwajin yakan nuna yawan man da kuma nau'insa, abin da ke taimakawa wajen gano mai laifi idan gidajen mai biyu suna maƙwabtaka. Ya kamata a maimaita awon da damina da rani, saboda hawa da saukar ruwa na sauya sakamako.

Hukumar NMDPRA, wadda dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta kafa, ita ce ke ba gidajen mai lasisi. Hukumar NOSDRA kuwa, wadda aka kafa a 2006, ita ke sa ido kan malalar mai, kuma dokarta ta wajabta kai rahoto cikin sa'o'i 24. Ƙa'idojin muhalli na sashen mai, waɗanda aka fitar a 1991 aka kuma sabunta a 2002, sun nuna cewa dole ne a ɗauki mataki idan mai ya kai miligiram 5,000 a kilogiram na ƙasa, ko maikirogiram 600 a lita ta ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Illar jinkiri ta bayyana a rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan yankin Ogoni a 2011. A Ogale da ke Jihar Ribas, kusa da wani bututun tataccen mai, an sami mai mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma benzin a rijiyoyin sha ya ninka ƙa'ida fiye da sau 900. A Amurka ma, birnin Santa Monika ya rufe wasu rijiyoyinsa a 1996 bayan wani sinadarin fetur daga tankunan ƙarƙashin ƙasa ya shiga cikinsu.

Idan aka tabbatar da gurɓacewa, abu na farko shi ne tsayar da yoyon da samar wa jama'a wani ruwan sha. Sai a zuƙe man da ke kan ruwa, a kwashe ƙasar da ta jiƙe da shi, a janye tururin da injin, ko a ƙara iska domin ƙwayoyin halitta su cinye ragowar. Aikin na iya ɗaukar shekaru. Gushewar wari ba hujja ba ce ta cewa ruwa ya tsarkaka, kuma tafasa shi ba mafita ba ce, domin tururin da zai tashi ma yana cutarwa. Sakamakon ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai zai nuna ranar da za a koma shan ruwan rijiyar.