Yadda Ƙasashen BRICS Suka Kafa Bankinsu a Shanghai

A 2010 aka amince da gyara rabon ƙuri'u a Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, domin a ƙara wa ƙasashe masu tasowa ta cewa. Sai majalisar dokokin Amurka ta yi ta jan ƙafa har ƙarshen 2015, kuma ba damar tsallake ta, tunda ƙuri'un Amurka kaɗai sun isa su taka wa duk wani babban ƙuduri birki. Ga kuma tsohuwar al'adar da aka gada bayan Yaƙin Duniya na Biyu: Ba'amurke ke shugabantar Bankin Duniya, ɗan nahiyar Turai ke riƙe da IMF.

Ana cikin wannan jira ne haƙurin Brazil da Rasha da Indiya da Sin da Afirka ta Kudu, wato ƙasashen BRICS na wancan lokaci, ya ƙare. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Indiya ta kawo shawarar kafa banki a taron BRICS na New Delhi a 2012, aka amince a Durban a 2013, aka sa hannu a Fortaleza ta Brazil a Yulin 2014. Bayan shekara guda Sabon Bankin Raya Ƙasa ya buɗe ƙofa.

Ba a kai nan cikin ruwan sanyi ba. Sin da Indiya sun yi ta ja-in-ja a kan mazauni, har sai da aka yi rabon da kowa ya samu nasa: hedikwata a Shanghai, shugaban farko Ba'indiye, wato K.V. Kamath, ofishin Afirka kuma a Johannesburg. Amma babban abin da aka cimma shi ne rabon jari. An raba dala biliyan 50 gida biyar daidai wa daida, ta yadda ƙuri'ar Afirka ta Kudu ta yi nauyi ɗaya da ta Sin, duk da tattalin arzikin Sin ya ninka nata sau da yawa. Babu mai ikon hawa kujerar na-ƙi. Wannan ya cancanci yabo, domin Sin tana da kuɗin da za ta iya danne sauran da su.

Rancen farko ya fita a 2016, aka zuba shi a makamashi mai sabuntuwa. Daga 2021 aka fara karɓar sababbin mambobi, irin su Bangladesh da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Masar. A 2023 tsohuwar shugabar Brazil, Dilma Rousseff, ta karɓi ragama.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a Maris ɗin 2022. Da yaƙin Ukraine ya ɓarke, bankin ya dakatar da sababbin mu'amaloli a Rasha, ɗaya daga cikin iyayen gidansa. Dalili a fili yake: yawancin kuɗin da yake rantawa shi ma rantowa yake yi daga kasuwanni, da yawa da dala, kuma takunkumi zai iya toshe masa wannan hanya. Ya kuma ɗaura aniyar ba da kashi 30 cikin 100 na rancensa da kuɗaɗen ƙasashen mambobinsa.

Najeriya ta zama abokiyar hulɗar BRICS a Janairun 2025. Masu ganin hakan zai raba ta da dala su dubi abin da ya sami Rasha: bankin ya gyara rabon ƙuri'a, amma har yanzu bai kuɓuta daga dala ba.