Leburan Hanya da Shingen Damina

Wani matashi daga cikin injiniyoyin da aka ɗauka kwanan baya a sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma, wanda kakansa abokin ƙuruciyata ne, ya aiko mini da tambaya, wai yana so ya san da wane irin inji muke gyaran hanyoyin karkara a zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, tun da yake ya bincika tsofaffin takardun ofishinsu bai ga an ambaci gireda ko katafila ba sai can daga baya. Tambayar cikin ladabi ta zo, amma abin da ke ƙarƙashinta shi ya hana ni yin shiru, domin na fahimci 'yan bayanmu sun tashi da zaton cewa hanya aba ce da ake bayar da kwangilarta, a tara jama'a a buɗe ta, sa'an nan a juya mata baya har ranar da ta mutu a sake bayar da wata kwangilar. Saboda haka na ga ya wajaba a kaina, tun hankali bai gushe ba, in rubuta abin da na gani da idona, da abin da na ji daga bakin waɗanda suka koya mana aiki, Allah ya jiƙansu da rahama.

Ba sai na ɓata wa abokan aikina lokaci da bayanin tsarin En'e ba, ya isa in tuna musu cewa ruwan famfo da wutar lantarki da birnin Kano ya samu daga Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗin Baitulmalin ƙasar Kano aka yi su. Kuma tun kafin zuwan Turawa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya lissafa gina gadoji da kula da kasuwanni da hanyoyi cikin haƙƙoƙin da talakawa ke bin shugaba, a littafinsa Usulus Siyasa. Mun shiga aikin nan muna sane da cewa yana da asali a wurinmu, kuma malamanmu na zaure sun karantar da mu cewa gusar da abin cutarwa daga kan hanya yana cikin rassan imani.

A lokacin da aka ɗauke ni malamin hanya, 'yan shekaru kafin a yi jihohi a 1967, kowace hanyar burji da ke hannun En'e an raba ta ne gunduwa-gunduwa, kowane 'yan mil akwai barikin leburori, wato 'yan bukkoki a gefen hanya kusa da rijiya, inda helma yake zaune da mutanensa da iyalansu, kuma kowane lebura ya san daga wane dutsen mil zuwa wane ne nasa. Kayan aikinsu diga da shebur da kwanon sarki, sai baro idan an yi sa'a. Da rani su haƙo marmara su jera ta tsibi-tsibi a gefe, su share gargada da ƙayar da ake ɗaurewa a ja ta bisa hanya; da bazara, kafin ruwan farko, su yashe lambatu, su shiga cikin kowane kwalbati da rarrafe su fito da yashi da karan da iska ta cusa; da damina kuwa, da zarar ruwa ya ɗauke, ko da asuba ne, za ka gan su sun fito suna bin inda ya kwanta suna yanka masa mafita. Ramin da bai fi tafin hannu ba a ranar ake cike shi, domin wanda zai sha wahalarsa gobe idan ya girma shi ne wanda ya gan shi yau. Abin da ya riƙe tsarin duka shi ne, babu taku ɗaya na hanya da ba a san sunan mai shi ba, har idan mota ta karya sifirin a wani wuri, direba ya san ƙofar bukkar da zai je ya yi ƙorafi.

Wanda ya koya mini wannan aiki wani dattijo ne obasiya, bai yi boko mai zurfi ba, lissafinsa da ajami yake rubutawa a ɗan littafi da ke aljihun taguwarsa, amma ban taɓa ganin mutumin da ya san halin ruwa kamarsa ba. Da keke yake rangadi, kuma yakan zaɓi ranar da hadari ya haɗu ya fita, ya fake a gindin bishiya ko a zauren wani mai unguwa har ruwa ya sauko, don ya ga da idonsa ta ina ruwan yake so ya bi. Ya sha gaya mini, "Ɗana, mota ba ta kashe hanya, ruwa ke kashe ta, mota jana'iza kawai take zuwa." Shi ya nuna mini cewa dole tsakiyar hanya ta fi gefenta tudu ko da kaɗan, kuma kafin a kafa kwalbati a nemi tsofaffin gari a tambaye su inda ambaliya ta taɓa kaiwa a shekarar da ta fi kowace, domin abin da suka riƙe a ka ya fi abin da taswira ta nuna. Ranar biyan leburori ba ya yarda a miƙa wa helma kuɗin kowa, sai an kira suna, mai suna ya matso ya dangwala yatsa ya karɓi haƙƙinsa a gaban jama'a. Dalilinsa kuwa ya gaya mini: yana yaro ya ga zamanin aikin tilas, lokacin da ake kamo mutane daga gonakinsu ta hannun dagatai a sa su sharar hanya da ɗaukar kaya ba ko anini, ya ga yadda ƙauye ke watsewa idan an ji labarin Bature zai wuce. Saboda haka wanda duk ya ce zamanin En'e adalci ne tsantsa bai faɗi gaskiya ba. Abin da nake yabo shi ne tsarin leburan da ake biya, wanda ya maye gurbin wancan zalunci.

Amma abin da na fi baƙin cikin ɓacewarsa, wanda na tabbata samarin yau ba su taɓa jin labarinsa ba, shi ne shingen damina. A bakin kowace muhimmiyar hanyar burji akwai gungume da mai gadinsa, kuma idan aka yi ruwa mai yawa sai a sauke shi, a hana manyan motoci wucewa har ƙasa ta tsane, wani lokaci yini guda, wani lokaci har a kwana. Mai keke da mai jaki da mai tafiya a ƙasa su wuce abinsu, amma lori mai ɗauke da buhunan gishiri ko huhun goro sai ta jira. Hikimar abin a fili take, domin lori ɗaya a kan jiƙaƙƙiyar marmara tana iya ɓata cikin sa'a guda abin da leburori suka yi wata suna gyarawa. Direbobi sukan yi ta faɗa, amma sun saba, har mata masu tuwo da 'yan fura suka mai da bakin shinge kasuwa. Na taɓa halartar ranar da wani attajiri, surukin hakimin ƙasar, ya zo da motarsa cike da kaya ya tarar an rufe, ya yi lallashi, ya yi barazana, daga ƙarshe ya ciro kuɗi, mai gadin, wanda albashinsa na wata bai kai abin da aka miƙa masa ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, mabuɗin amana ne a hannuna, sai ƙasa ta bushe." Da ƙara ta kai gaban hakimi, sai ya aika wa surukin nasa da abinci a bakin shinge, ya ce ya yi haƙuri ya jira kamar kowa.

Wannan mai gadin, af, shi ne kuma ya tsaya kwana da kwanaki a mararraba a watan Afrilu na 1972, sa'ad da aka komar da tuƙi hannun dama, yana ɗaga wa direbobin ƙauye hannu yana tuna musu, mu kuwa muna bin hanyoyi da gwangwanin fenti muna juya alamu. Da aka zo da naira a 1973, shi ne ya riƙa yi wa leburori lissafin sule da kwabo don kada a cuce su wajen biya.

Rushewar abin ba rana ɗaya ta zo ba. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin ma'aikata na Udoji ya sa aka fara ganin lebura ya yi tsada, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rarraba manyan En'e-En'e, aka raba motoci da kayan gareji da makanikai tsakanin sababbin hukumomi har ba wadda ta samu abin da zai ishe ta. A 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, kuma ni ina cikin waɗanda suka yi murna, domin na ga wulaƙancin da ake yi wa talaka wajen karɓarsu. Sai dai ba a kafa wata igiya da za ta ɗaure kuɗin hukuma da idon mutanen gari ba, alhali a da manomi yakan tsare malamin hanya ya ce, na biya, ina kwalbatina. Korar ma'aikata ta 1984 ta kwashe ragowar leburan da na sani, barikokinsu suka zama kufai. Hukumar DFRRI da aka kafa a 1986 ta buɗe hanyoyin karkara masu yawa, ba na musun haka, amma ta buɗe ta tafi ba ta bar kowa a kansu ba, damina biyu uku zaizaya ta mayar da da yawa daga cikinsu kwazazzabai.

Irin wannan cuta ce ta kashe motocin haya na ƙananan hukumomi. Bayan shirin sufurin jama'a da Gwamnatin Tarayya ta ɓullo da shi a 1988, hukumar da nake yi wa aiki ta sayi bas-bas, aka rubuta sunanta a jikinsu, kuma haƙiƙa sun yi wa mutane rana, musamman mata masu zuwa asibiti da 'yan makaranta da masu cin kasuwar mako. Na rubuta takarda na roƙi a ware kaso daga cinikin kowace rana a ajiye don taya da baƙin mai da kayan gyara, a kuma buɗe wa kowace mota littafinta kamar yadda muka gada, aka ce mini wannan tsohon yayi ne. Kuɗin da kwandasta ya kawo da yamma kafin safe an yi wata hidima da shi, manya suna aron mota don biki da taron siyasa, wadda ta lalace a ciro kayanta a sa wa 'yar'uwarta, har duka suka ƙare bisa duwatsu a bayan sakatariya. Wannan giɓi ne 'yan acaɓa suka cike, daga baya A Daidaita Sahu a birane, talakan ƙauye kuwa ya koma hawa bayan akori-kura tare da awaki.

Har gobe Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi 774 ginawa da kula da hanyoyi da magudanan ruwa da tashoshin mota da kasuwanni, kuma a ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye maimakon bi ta hannun jihohi. Idan Allah ya sa kuɗin ya iso hannunku, ya ku ciyamomi da kansiloli da shugabannin sashen ayyuka, ina roƙonku kafin ku sayi katafila ku fara ɗaukar mutanen ƙauyukan da hanya ta ratsa, ku ba kowa yankinsa da shebur da baro, ku rubuta sunansa, ku biya shi a hannunsa ƙarshen kowane wata, ku kuma mayar da shinge a kan hanyoyin burji tun damina mai zuwa ba ta faɗi ba.